Filin Tambaya da Amsa: Kalmar Sirri Ɗaya, da Katin Banki a Hannun Mai Kanti

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga Maradi da kewayenta sun taru ne a kan katin banki da lambobin sirrin da ke tsare da shi. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba yi a duk tambayar da ta shafi kuɗi.

Tambaya daga wani malamin firamare, unguwar Zariya:

"Assalamu alaikum. Albashina ta banki yake shigowa, kuma shekara biyu ke nan da aka ba ni kati. Saboda ina da mantuwa, lambobi huɗu iri ɗaya na sa a katin, da asusun kuɗina na salula, da makullin wayar kanta. Haka nan kalmar sirrina ta Facebook ita ce ta imel, ita ce kuma na sa a wani shafin neman aiki da na yi rajista tun ina ɗalibi. A watan jiya wani ya ƙwace mini Facebook, ya riƙa aika wa abokaina saƙo da sunana wai ɗiyata tana asibiti, a taimaka da jika 20. Na samu na karɓo shafin. Shin kuɗina na banki ma yana cikin haɗari, ko abin ya tsaya a Facebook?"

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye na gaba. Abin bai tsaya a Facebook ba, kuma ina roƙonka kada ka kwana yau ba ka canza kalmar sirrin imel ɗinka ba, domin a cikin duk abin da ka lissafa shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Mutane da yawa suna zaton ɓarawon intanet yana zama ne ya yi ta cankar kalmar sirrin mutum har ya dace. Galibi ba ya shan wannan wahala. Duk shafin da ka yi rajista a cikinsa yana da rumbun da yake ajiye adireshin imel da kalmar sirrin kowa, kuma ko da yake shafuka masu kula suna rikiɗa kalmar ta koma wasu haruffa marasa ma'ana kafin su ajiye ta, gajeriyar kalma ko sananniya ba ta da wuyar warwarewa ga kwamfuta. Idan aka fasa rumbun wani shafi, sai a kwashe sunayen mutane dubbai ko miliyoyi, a sayar da su ko a baza su kyauta, sannan wasu su ɗora jerin a kan manhajar da ke gwada kowane imel tare da kalmarsa a manyan shafuka, ba dare ba rana. Manhajar ba ta san ka ba, ba ta san inda Maradi take ba, ƙofofi kawai take turawa ta ga wadda za ta buɗe. Tsohon shafin neman aikin nan da ka manta da shi, irinsa ne hanyar da aka fi shigowa ta cikinta, domin kai ka daina tuna shi amma shi bai daina riƙe da kalmarka ba.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma bai bar manya ba. A shekarar 2012 an fasa rumbun LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, aka fara cewa kalmomin sirri kimanin miliyan 6.5 ne suka fita, sai a 2016 ta bayyana cewa adadin ya haura miliyan 100. Wani ma'aikacin Dropbox, kamfanin da ke ajiye wa mutane takardu da hotuna a intanet, yana amfani da kalmarsa ta LinkedIn a wurin aikinsa, kuma ta wannan hanya aka shiga kamfanin aka ɗebi bayanan asusu sama da miliyan 68. A 2016 ɗin dai aka shiga shafukan Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, na Twitter da Pinterest, kuma waɗanda suka shiga sun ce a cikin jerin LinkedIn suka tsinci kalmar. Ka lura da tazarar da ke tsakanin 2012 da 2016: kalmar da aka sata tana iya kwanciya shekaru kafin a zo a yi aiki da ita.

Dalilin da ya sa na ware imel shi ne, duk shafin da ka danna "na manta kalmar sirrina" a cikinsa, can yake aika maka hanyar sake sabuwa. Wanda ya riƙe imel ɗinka yana iya sake ƙwace Facebook ɗin da ka karɓo, yana iya karanta duk wata takarda da banki ya taɓa aiko maka, da hoton katin ɗan ƙasa idan ka taɓa tura wa wani, kuma da waɗannan bayanai ne ake kiran mutum a waya a yi masa magana kamar ma'aikacin banki na gaske.

Lambobi huɗun kuma matsalarsu daban ce. Lambar kati tana da ƙarfi ne saboda abu biyu: dole sai an haɗa ta da katin kansa, kuma idan aka kuskure ta sau uku a jere katin yana kullewa, don haka ko da yake lambobi huɗu ba su wuce haɗi 10,000 ba, ɓarawo ba shi da damar gwada su. Amma kai ka mayar da lambar katinka makullin waya, wanda kake dannawa sau da yawa a yini a gaban ɗalibai, a majalisa, a bayan ɗan kabu-kabu, a wurin mai cajin waya. Duk wanda ya ga yatsanka sau biyu ya san lambar katinka da ta asusun salularka, kuma ranar da wayar da walat suka ɓace tare, babu sauran shinge ko ɗaya. Ina ƙara jan kunnen masu sa shekarar haihuwa, da masu sa 1234, da kuma dattawanmu da takardunsu ke nuna an haife su ranar 1 ga Janairu suka sa 0101, alhali katin ɗan ƙasar da ke ɗauke da wannan kwanan wata yana cikin aljihu ɗaya da katin bankin.

Ka fara da imel, ka ba shi kalmar da ba ka taɓa sawa a ko'ina ba, sannan ka kunna tabbaci na biyu, wato tsarin da ke neman wata lamba daga wayarka bayan kalmar sirri, a imel ɗin da Facebook da WhatsApp. Daga nan ka je gishe, wato na'urar cire kuɗi, ko ka shiga bankinka ka canza lambar katin, ka raba ta da ta salula, ka raba su duka da makullin waya. Game da mantuwa, doguwar jimla ta fi gajeriyar kalma mai rikitarwa sauƙin riƙewa kuma ta fi ta ƙarfi. Ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da alaƙa da juna, ka sa lamba a tsakani, amma ka guji karin magana ko addu'ar da kowa ya sani, ka guji sunayen ƴaƴanka. Wayoyin zamani suna da ma'ajiyar kalmomin sirri da za ta tuna maka su. Idan hankalinka bai kwanta da ita ba, ni ban ga laifi ba ka rubuta kalmomin shafukan intanet a ƙaramin littafi ka kulle a akwati a gida, domin ɓarawon da ke wata ƙasa ba zai iya buɗe akwatinka ba. Lambar kati kuwa a ka za ka riƙe ta. A ƙarshen wani wata na tsaya a layin gishe bayan wani dattijo, ya ciro katinsa daga cikin leda, sai ga ƴar takarda manne a bayansa da lambobi huɗu an rubuta da biro, ya miƙa wa saurayin da ke gabansa wanda bai sani ba ya ce ya cire masa. Saurayin ya cire masa ya ba shi kuɗinsa cif, amma na koma gida da nauyin abin a zuciyata, domin da katin ya faɗi a hanya, fanshon dattijon ya tafi ke nan.

Tambaya daga wata Hajiya mai sayar da atamfa, unguwar Ali Ɗan Sofo:

"Na je sayen magani na biya da kati. Yaron kantin ya ce babu rezo a gaba, ya shiga da katina ciki, ya dawo ya ce bai wuce ba, ya sake sawa na danna lambata karo na biyu. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ɗana ya ce katin da ke da ɗan ƙarfen zinariya a gaba ba a iya kwafarsa. Gaskiya ne?"

Amsa: Hajiya, ɗanki ya faɗi gaskiya a kan ɗan ƙarfen, amma katin yana ɗauke da wasu abubuwa biyu da maganarsa ba ta shafa ba.

Ɗan ƙarfen nan ƙaramar kwamfuta ce. Wani Bafaranshe mai suna Roland Moreno ne ya yi rajistar fasahar irin wannan kati a 1974, daga baya kamfanonin Europay da Mastercard da Visa suka haɗu suka tsara ƙa'idar da ake kira EMV, wadda katunan banki suke bi a yau. Duk lokacin da aka sa katin a na'ura, ƙarfen yana ƙirƙirar wata lamba ta musamman ga wannan cinikin kaɗai, wadda ba ta da amfani a ciniki na gaba, shi ya sa wanda ya saci bayanan ciniki ɗaya ba zai iya ƙera wani kati mai ƙarfe da su ba. Wannan tsaro ne na gaske, kuma ba na son wannan amsa ta sa ki tsorata da biyan kuɗi da kati, domin ga mai kasuwanci irinki ya fi yawo da damin kuɗi a jaka.

Sai dai ki juya katin. Baƙin layin nan da ke bayansa tsohuwar fasaha ce, bayanan da ke cikinsa ba sa canzawa, kuma ƙaramar na'urar da ba ta wuce tafin hannu ba tana iya kwashe su idan aka goga katin sau ɗaya. Abu na biyu ya fi wannan sauƙi ga maras gaskiya: doguwar lambar da ke jikin katin, da watan da zai ƙare aiki, da lambobi uku da ke baya. Da waɗannan kaɗai ana iya sayayya a wasu shafukan intanet ba tare da katin ko lambar sirrinki ba, kuma ɗaukar hotonsu da waya gaba da baya ba ya kai minti guda. Wannan ne ya sa ba a barin kati ya ɓace wa idon mai shi. Ba ina tuhumar yaron kantin ba ne, domin matsalar rezo gaskiya ce da kowa a garin nan ya sani, kuma na'urar tana buƙatarsa kafin ta yi magana da banki. Amma idan na'urar ba za ta zo wurinki ba, ke ki bi ta, katin yana hannunki, ke za ki sa shi ke za ki zare.

Maganar dannawa sau biyu kuma tana da sauƙin tantancewa. Idan ciniki bai wuce ba, na'urar tana nuna haka a fuskarta, kuma yawanci tana fitar da ƴar takardar da ke cewa an ƙi ko an soke. Ki nemi wannan takarda kafin ki yarda a sake, ki ajiye ta tare da ta cinikin da ya wuce. Yakan faru kuɗi ya fita daga asusu alhali na'urar ta ce bai wuce ba, saboda rezo ya yanke a tsakiyar magana, kuma da takardun nan biyu ne banki zai bi sawu ya mayar miki. A ƙasashe takwas na UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, akwai ƙungiyar GIM-UEMOA, wadda aka kafa a 2003 mai mazauni a Dakar, da ke haɗa bankuna ta yadda katin wannan banki zai yi aiki a na'urar wancan, don haka kowane ciniki yana barin sawu ko da bankin mai kanti daban ne da naki. Ki kuma riƙa karanta adadin da ke fuskar na'urar da idonki kafin ki danna lamba, domin tsakanin 15,000 da 150,000 sifili ɗaya ne, kuma yatsa yana iya ƙara shi ko da ba da gangan ba. Ki rufe madannin da ɗayan hannunki ko da gefen mayafinki, babu wanda zai ga rashin kunya a cikin hakan.

Abin da nake ba ki shawara yanzu shi ne ki je bankinki ki nemi takardar shige da ficen asusunki tun daga ranar, ki duba ko an cire sau biyu ko akwai wani ƙaramin ciniki da ba ki sani ba, domin masu satar lambobi sukan fara gwaji da ɗan kuɗi kaɗan. Ki nemi a kunna miki saƙon da ke shigowa waya duk lokacin da kuɗi ya fita. Idan ba kya sayayya a intanet, ki tambaye su ko za su rufe wannan ɓangare na katin. Idan kuma kika ga abin da ba ki gane ba, ki ce a yi wa katin opozisiyon nan take, wato a toshe shi, a ba ki sabo mai sabuwar lamba. Idan sana'arki tana kai ki Katsina da Kano, wannan ƙa'ida ta riƙe kati a hannu da rufe lamba ta fi zama dole a wurin masu POS na bakin kasuwa, inda cunkoso yake da yawa kuma ba ki san fuskar kowa ba.

Tambaya daga wani Alhaji mai kantin kayan masarufi, kusa da babbar kasuwa:

"Banki ya ba ni na'urar karɓar kati. Yarana huɗu duk kalmar sirri ɗaya suke shiga kwamfutar kanti da ita, ita ce kuma ta imel ɗin kanti. Ɗaya daga cikinsu ya bar aiki ba da daɗi ba. Ko akwai abin da ya kamata in yi?"

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A canza kalmar yau, domin wanda ya tafi ya tafi da mabuɗin kanti a kansa, kuma ko shi bai yi niyyar komai ba, ba ka san inda ya taɓa rubuta ta ko wanda ya taɓa gaya wa ba.

Labari biyu daga Amurka sun dace da tambayarka. A ƙarshen 2013 an saci bayanan katin banki kimanin miliyan 40 daga manyan kantunan Target. Ɓarayin sun shiga ne da sunan shiga da kalmar sirrin wani ƙaramin kamfani da ke yi wa kantunan aikin na'urorin sanyaya wuri, daga nan suka ratsa har zuwa na'urorin karɓar kuɗi, suka dasa manhajar da ke kwashe bayanan kowane kati da aka goga. A lokacin yawancin katunan Amurka da baƙin layin baya suke aiki, kuma wannan ɓarna tana cikin abubuwan da suka hanzarta komawarsu ga kati mai ƙarfe. A watan Mayun 2021 kuma kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya tsayar da aiki na kwanaki, har aka yi ƙarancin mai a gabashin ƙasar, kuma an shiga ne ta wani tsohon asusun ma'aikaci da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, wanda ba shi da tabbaci na biyu. Kalmar sirrin da yaronka ya tafi da ita irin wannan ƙofa ce, sai dai girman kanti ya bambanta.

Kowane yaro ya samu nasa sunan shiga da tasa kalmar, ta yadda idan lissafi ya ƙi daidaita za ka san wanda ke kan kwamfuta a lokacin, kuma hakan kariya ce ga yaran kirki daga zargin da ba su ji ba ba su gani ba. Imel ɗin kanti ya zama a hannunka kai kaɗai. Na'urar katin ma tana da lambar mai kula, wadda ake soke ciniki ko mayar da kuɗi da ita, to ka tambayi bankin yadda ake canza wadda ta zo da ita, kada ka bar ta a bakin kowa. Ka hana yara rubuta lambar katin mai saye a littafi ko ɗaukar hotonsa da sunan za a cire idan rezo ya dawo. Kuma duk wanda ya zo ya ce banki ne ya aiko shi ya gyara na'urar ko ya musanya ta, kada a miƙa masa sai ka kira bankin da lambar da ka riga ka sani.

Tambaya daga wata ɗaliba a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:

"An kira mahaifiyata a Tibiri aka ce daga banki ne, za a rufe katinta idan ba ta karanto lambar da aka turo mata a saƙo ba. Ta ce su jira in dawo gida. Me zan gaya mata?"

Amsa: Ƙanwata, ki gaishe da Inna, ki gaya mata ta yi daidai da ta ƙi. Lambar da ke zuwa a saƙo ita ce tabbaci na ƙarshe da banki ke nema kafin ya saki kuɗi a cinikin intanet ko ya buɗe asusu a sabuwar waya, kuma ma'aikacin banki na gaske ba ya neman a karanto masa ita, haka nan ba ya neman lambar sirrin kati. Zuwan saƙon a daidai lokacin kiran yana nuna cewa mai kiran ya riga ya samu wani abu daga bayananta, wataƙila doguwar lambar katin, kuma wannan lamba guda ce ta rage masa. Saboda haka kada ku tsaya a kan cewa ba ta faɗa ba. Ku kira bankin da lambar da ke bayan katin ko ku je da kanku gobe da safe, ku nemi a toshe katin a sake wani. Kada ta goge saƙon, ku kuma rubuta lambar da aka kira ta da ita da ranar da lokacin, domin Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, kuma da waɗannan shaidu ne za ku shigar da ƙara a kwamisariya ko wurin jandarma. Idan suka sake kira kafin nan, ta kashe wayar ba tare da ta tsaya musu da su ba.